Keken Da Tela Ya Saya

Zuwa ga Kawuna abin girmamawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara nisan kwana. Mu ma lafiya, sai Inna da ƙafa ke damunta, amma da sauƙi.

Kawu, maganar ɗanka Tela ce ta sa na rubuto, kuma hankalina a tashe yake. Ya daina zuwa asibiti. Ya ce maganin ciwon dajin yana sa shi amai, ko almakashi ba ya iya riƙewa. Sai ya sayi keken tsere na hannu, kullum da safe yana zagaya unguwa, wai gumi ne zai fitar da cutar, kamar yadda ya fitar wa Yaya Zakara. Jiya na same shi a shago ya jingina da teburin yanka yana haki, wuyan nan duk ya rame.

Ka san tun da Yaya ya warke ya sake cin kofin tseren keke, ba ya zama. Makarantu, rediyo, ɗakunan marasa lafiya, duk yana bi yana roƙon mutane su je gwaji da wuri. To amma hoton da aka manna a gari nasa ne a kan keke yana murmushi. Babu wanda ya ɗauki hoton kwanon da nake tara masa yana amai. Tela hoton ya gani, ya manta gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yaya ya je har shagon, ya ɗaga riga ya nuna masa tabon aikin, ya rantse likitoci ne sanadi, keke kuwa sai da ya warke ya iya hawa. Tela ya yi dariya, ya ce tawali'u ne irin na manya. Tun ranar Yaya ya rataye kekensa, ya janye daga gasar watan gobe. Ya ce da bakinsa ya ja mutane asibiti, da ƙafarsa ya fitar da ɗan'uwansa.

Likita na jiran Tela ranar Alhamis, kuma ya ce jinkirin ya fara yawa. Maganarka kaɗai Tela bai taɓa tsallakewa ba. Don Allah ka kira shi, kada ka lallashe shi, umarni za ka ba shi.

A gaida Gwaggo da Auta. Inna na gaisuwa, ba mu gaya mata ba tukuna.

'Yarka,
Ƙanwar Zakara