'Yan Ɗaya ga Janairu

Lafia, 3 ga Maris

Ƙanena Luqman,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Khadijat da yara. Mu nan zafi ya fara, amma alhamdu lillahi.

Tunda ka ce saƙon muryata ya cika tsawo, ga shi a rubuce, sai ka sha karatu. Python ɗin nan, yaren ba kwamfuta umarni da ka ɗora ni a kai, ina nan ina fama. Jiya yini guda jan rubutun kuskure yana ta fito mini, ashe alamar baka na buɗe ban rufe ba. Kuma don Allah wa ya koya wa kwamfuta fara ƙirga daga sifili? Duk daɗewata a rajistar asibiti ban taɓa ganin mara lafiya mai lamba sifili ba.

Ga tambayar gaske. Likitocin ido za su zo mana ranar sha bakwai su yi aikin yanar ido kyauta, kwana biyu kacal. Ka san mutanenmu: tsoho ya rubuta sunansa, ɗansa ya zo ya rubuta, surukarsa ma ta rubuta, wai kada a manta. So nake in ce wa shirin kwamfutar duk inda suna da ranar haihuwa suka zo ɗaya, ya bar na farko ya share sauran. Nuna mini yadda ake yi, ban da dogon Turanci.

Yayarka,
Dijatu

Lafia, 12 ga Maris

Luqman,

Ina fatan kun tashi lafiya. Ya jikin Khadijat?

Layukan umarnin da ka turo sun yi aiki, ko jan rubutu ɗaya babu. Na aika wa likitoci adadin, na tura wa mutane saƙo, har ina yi wa abokan aiki yanga. To yau jikina ya yi sanyi. Wata tsohuwa, Batulu Ya'akubu daga Assakio, ta zo 'yarta na riƙe da hannunta, wai maƙwabtanta sun sami saƙo ita shiru. Na duba, ga Batulu Ya'akubu nan a jerin, amma ta Doma ce. Dukansu ɗaya ga Janairu, 1950.

Wallahi laifina ne. Duk tsohon da bai san ranar haihuwarsa ba, ɗaya ga Janairu muke rubuta masa, shekarar kuma mu dubi fuskarsa mu ƙiyasta. Da hannuna na rubuta musu su biyun, na zo na manta. Yanzu faɗa mini, yaya zan ga waɗanda aka share? In na ƙara gari da lambar waya cikin abin da shirin yake kwatantawa, ya isa? Kada ka yi mini nawarka, kwana biyar suka rage, idon mutane ne.

Yayarka,
Dijatu

Lafia, 21 ga Maris

Ƙanena,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, Allah ya yi maka albarka. Da ba ka sa na ajiye jerin asali daban ba, da ban san inda zan sa kaina ba. Mutum talatin da bakwai da aka share bisa kuskure suka dawo cikin jerin.

Sai dai likitoci sun riga sun taho da kaya daidai adadin da na fara aika musu. Sun yi ƙoƙari sun ƙara ashirin da takwas, waɗanda idonsu ya fi tsanani. Tara sai baɗi, kuma Baba Batulu na cikinsu, don tana ɗan ganin dishi-dishi da ido ɗaya.

Jiya na hau mota na je Assakio, na durƙusa na gaya mata ni ce na share ta, da yadda aka yi. Na so ta yi mini faɗa ko na ji sauƙi, ba ta yi ba. Ta ce Allah ya kai mu baɗin. Sannan ta ce ita dai ba a Janairu aka haife ta ba. Da kaka ne, ana haƙar doya, mahaifiyarta ta sha ba ta labari, da an tambaye ta da ta faɗa.

Luqman, ban tambaye ta ba. Na yi kuka a mota har Lafia.

Ka gaida Khadijat da yara.

Yayarka,
Dijatu