Kifin da Ya Girmi 'Yata

Ƙanena Nemesio,

Gaisuwa mai yawa daga Mexicali. Ya jikin Chabela, ya yara, ya teku? 'Yata Amparo ke rubuta mini. Ƙafar da sauƙi, kada ku damu, sai dai garin nan ba ƙamshin ruwa, abinci ba ya shiga.

Ka tuna malamar jami'a da ta ciro ƙashin kunnen babban kifin nan rocote da na kamo ranar da za mu yi sallama? Jiya ta bugo waya. Wai ta ƙirga layukan ƙashin, kifin shekararsa arba'in da uku. Na ce, "Malama, kifi ne fa, ba jaki ba." Ta ce irinsa ba ya barin dutsen da ya zauna, kuma yana daɗewa kafin ya fara haihuwa. Nemesio, ya girmi Amparo! Muka cinye shi da tortilla, gurasar nan tamu, da lemun tsami. Tun ina saurayi nake cewa sababbi ke zuwa duk shekara. Ashe tsofaffin nake ɗiba ɗaya bayan ɗaya? Ko ita ce ta ruɗe? Na rasa.

Na yi alkawarin ba ka alamu biyun da Baba ya bar mini na gano dutsen da nake kamo kifayen nan a teku. Ta farko, ka daidaita hasumiyar coci da tsagar tsauni. Ta biyun, na buɗe baki, Amparo na jira da biro, na tuna kifayen, na kasa faɗa. Kada ka yi fushi. A bar su su huta sai na dawo, in Allah ya dawo da ni.

Yayanka,
Hilario