Tagogin Alhaji Lawan

Sharada, Kano.

Zuwa ga Yaya Firdausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Habibu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Ingila. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Nafisa kuma ta samu aiki a wani kamfanin roba a Bompai.

Kin tambayi labarin shingena. Kin dai tuna benen da maƙwabcinmu Alhaji Lawan ya ɗora, ya zuba ma'aikatan kamfani haya, ya buɗe tagogi saitin tsakar gidanmu ina cikin takabar Baban Nafisa. Ko alwala zan fito sai na zura hijabi, a gidan kaina. Na tura Kawu Muhyiddeen ya roƙe shi ya toshe su, sai ya ce a filinsa ya yi gini, wadda ba ta son a gan ta ta zauna a ɗaki. Yaya, har yau maganar nan tana cina.

Da kika turo hoton shingen gidanku, mai ganye kamar zarto da jajayen 'ya'ya, na kai wa mai sayar da fulawa. Ya ce wannan ba zai jure ranar Kano ba. Sai na jera darbejiya kusa da kusa a jikin katanga, na dasa sarƙaƙiya a gindinsu. Da ruwan wanke-wanke na rene su, kowane bokiti kuwa da sunan Alhaji nake zuba shi. Matan layi har dariya suka yi mini, wai kafin su girma na tsufa.

To, bana sun wuce tagogin. Ɗakunan hayar ba iska, ba haske, sai sauro. Masu aikin dare kuwa da rana suke barci, ga zafi, sai suka fara kwashe kaya suna komawa Dakata. Su kam na tausaya musu. Yaron Alhaji ya zuro hannu zai karya reshe, ƙaya ta yi masa bayani.

Ranar Juma'a sai ga Alhaji da kansa a zaure, har da kirana Hajiya, wai in dubi haƙƙin maƙwabtaka in sassare su. Kawu ya ce in yi haƙuri. Na ce ai haƙurin na shuka, ga shi ya yi ganye. A faɗa masa a filina na yi shuka, wanda yake son iska ya fito waje. Da ma an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ki gaida Malam Habibu, da Sadiq, da takwarata. Inna da Nafisa suna gaishe ku. A inuwar nake rubuta miki, kaina ko ɗankwali babu.

Taki ƙanwa,
Ladidi