Tagar da Ban Leƙa Ba

Workum, 6 ga Mayu

Zuwa ga aminina Rienk,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya. Yaya ƙafar, yaya kuma zaman gidan tsofaffi? Na san har yanzu kana damun ma'aikatan da mitar cewa kofin da suke dafawa ruwan wanke-wanke ne. Ni ina nan, jiki sai a hankali. Ka yi haƙuri da rubutun, tsufa ne.

Ba labari mai daɗi na kawo maka ba. Jikata Jildou ta karye a kafaɗa ranar Asabar, a nan tafkinmu.

Ka san yadda muke yi da ita. Motarta ƙarama ce, in ta ɗaura allon hawan ruwan a sama, ƙyallen iska biyu kaɗai ke shiga ciki. Don haka kafin ta baro Zwolle sai ta bugo mini waya ta ce, "Pake, yau wanne?" Wato kakanta ya zaɓa mata ƙyallen da za ta kawo. Shekara goma sha biyu muna haka. Kai ma ka tuna abin da muke nanata wa ɗalibai lokacin da muke koyar da hawan allo mai ƙyallen iska a kan ruwa: iska ta yi ƙarfi, ka rage ƙyalle, ta yi sanyi, ka ƙara. Faɗarsa ba wuya.

Ran nan ta ce, "Pake, wayata ta nuna iskar gabas za ta tashi da rana. In kawo ƙaramin, mai mita huɗu da ɗigo biyu?" Na ce, "Wayar taki tana da taga?" Ta yi dariya ta ce tsoho ya fara. Na ce ta kawo biyar da uku, ta haɗo da biyar da takwas ko iskar za ta kwanta. Ƙaramin ta bar shi a gida.

Ta iso da hantsi, ta ci burodin sukari yanka biyu a tsaye, ta tafi bakin ruwa. Iskar gabas kuwa ka san halinta. Ta bayan ganuwar da ke tare ruwa take zuwa, a gaɓa ruwa luf kamar a kwano, sai ka wuce jar alamar nan ta cikin tafki sannan ta nuna maka ko wace ce ita. Jildou na wuce alamar iska ta fizge ƙyallen, ta wulwula ta, ta maka ta a jikin sandar ƙyallen. Da hannu ɗaya ta rungume allon, iska na tura ta can tsakiya, har masu kwalekwalen ceto suka cim mata. Minti arba'in a ruwan Mayu mai sanyin nan, Rienk.

Ina zaune a kicin sai maƙwabciyata Baukje ta shigo ko takalmi ba ta cire ba, ta faɗa mini.

Likita ya ce wata uku ba za ta taɓa aikinta na gyaran kekuna ba. Kowa cewa yake tsautsayi ne. Ɗana Auke ma da ya bugo, haƙuri ya yi ta ba ni, wai kada in sa abin a raina.

Ka gaida duk mai tambayata, in akwai.

Naka,
Tjibbe

Workum, 22 ga Mayu

Rienk,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da aka canja maka maganin barci. Takardarka ta iso, kuma na karanta layin nan naka ya fi sau goma: "Shekara arba'in iskar gabas ba ta taɓa ruɗarka daga tagar nan ba, to me ya faru, tsohon banza?" Tun muna samari ba ka iya barin abu ya wuce.

To, ga abin da ya faru. Ban leƙa tagar ba.

Rabona da saman bene, inda tagar take, tun Janairu. Matakala goma sha huɗu ce, a ta biyar ƙafa ta ƙi, na sulalo ƙasa, na kwanta a wurin har numfashi ya dawo. Baukje ce ta sauko mini da bargo da kayan sawa, na sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba. A doguwar kujerar falo nake kwana. Dalili kuwa, ranar Kirsimeti Auke ya ce, "Heit," wato baba, "ranar da benen nan ya gagare ka, ranar za mu zauna mu yi maganar tashi daga gidan." Cikin ladabi ya faɗa, amma na san ɗana. A gidan nan matata Hiske ta rasu. Kofinta na nan inda ta saba rataye shi.

Daga ƙasa ba a ganin komai sai ciyawar ganuwa da tumaki. Don haka tun da aka shiga bazara, in Jildou ta bugo, bishiyar tsakar gida nake duba, da shanyar Baukje. In iskar yamma ce, suna faɗa mini gaskiya, sau huɗu na dace. Iskar gabas kuwa rumbunan da ke bayan gidana ne ke tare ta. Ran nan ko zanen gadon Baukje bai motsa ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. In ta tambaya, sai in ce, "Tsaya in hau." In ajiye wayar a tebur, in ƙirga talatin, in ɗauka ina haki. Hakin ma na koyi yadda ake yin sa. Ran Asabar ɗin har cewa ta yi, "Pake, a hankali da benen nan."

Kalma uku ce ta gagare ni: ban sani ba. Amma ka duba, Rienk, duk mako ba mai tambayata komai. Likita faɗa mini yake, Auke faɗa mini yake, har mai kawo abinci faɗa mini yake wanda zan fara ci. Mutum ɗaya ce a duniya take bugowa don tana son jin abin da na sani.

Jiya Jildou ta bugo. Ta ce za ta sayar da allon da ƙyallayen duka. Na ce don me? Ta ce, "Pake, in ƙyallen da ka zaɓa da idonka ya kayar da ni haka, to hannuna ne ya mutu. Ba ni da abin yi a ruwa kuma." Yarinyar da na ɗora a allo tana shekara bakwai, ina riƙe da igiya ina bin ta cikin ruwa har ƙugu. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ta dai ƙara tunani.

In na yi shiru, gidan nawa ne, ita kuma ta bar ruwa tana zargin kanta. In na yi magana, ka san sauran. Kada ka ba ni shawara, na san wadda za ka bayar.

Abokinka,
Tjibbe

Workum, 10 ga Yuni

Aminina Rienk,

Ina gaishe ka, ina kuma tambayar jiki. Na ce kada ka ba ni shawara, ka cika shafi uku. Na gode duk da haka.

Ranar Lahadi suka zo, Auke ne ya tuƙo Jildou, hannunta rataye a wuya. Kayan suka kawo su ajiye a rumfata, wai akwai wani daga Makkum da zai zo ya gani. Na dafa kofi. Auke na ta labarin gyaran rufin gidansa, ni ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba.

Na kasa faɗa a zaune. Na ce su biyo ni, na kai su gindin bene, na kunna fitila. Ƙura ta kwanta a matakalar tun daga ta ɗaya har sama, ba sawun kowa. Na ce, "Ku duba."

Auke ne ya fara ganewa. Ya dubi matakalar, ya juya ya dubi bargon da na cusa bayan kujera.

Jildou ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun Janairu.

Ta ce, "Hakin da nake ji a waya fa?" Na ce na ƙarya ne.

Da ta yi ihu da na fi samun sauƙi. A hankali ta ce, "Minti arba'in ina cikin ruwan nan, Pake. Ka san abin da nake ta faɗa wa kaina? Pake bai taɓa kuskure ba, ke ce sakarya." Ta ɗauki rigarta da hannu ɗaya, ta fita, ta zauna a mota.

Auke ya wanke kofuna uku, ya goge, ya rataye su, har ya rataye ɗaya a kan na Hiske, ban hana shi ba. A bakin ƙofa ya ce, "Heit, zan zo ran Laraba." Ya zo kuwa, da takardun gidan tsofaffi.

Ba ta bugo ba tun ranar. Mutumin Makkum ma bai zo ba, ban san ko ita ta hana shi ba. Kayan na nan a rumfa. Ranar Juma'a iska ta yi kyau, na zauna kusa da waya har abincina ya huce.

Ka ce zan ji sauƙi in na faɗa. Ban ji ba tukuna.

Naka kullum,
Tjibbe

Workum, 19 ga Satumba

Rienk,

Gaisuwa mai tarin yawa. Na ji an ce ka kori wani daga kujerarka ta bakin ƙofa da sanda. Ka rage faɗa, don ka kusa samun wanda zai rama. Auke ya gama komai, ƙarshen Oktoba zan zo, ɗaki na tara a ƙasa. Kofin Hiske da hotonmu na gasar nan da ka zo na ƙarshe su ne na fara naɗewa.

Jildou ta zo jiya. Wata uku ban ji muryarta ba, sai ga ƙarar motarta a ƙofar gida. Iskar gabas ake yi. Ta shigo ta ce, "Sannu, Pake," kamar wadda ta fita jiya, ta wuce ni, ta hau bene. Ina jin takunta a sama, na ji ta buɗe tagar, wadda sai an ɗaga ta kaɗan kafin ta buɗu. Ni na koya mata wannan. Ta daɗe a can.

Ta sauko da ƙura a gwiwar wandonta, ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Farar kumfa tun daga jar alama har inda ido ya tsaya. Huɗu da biyu zan ɗaura."

Bakina ya buɗe da kansa, saura kaɗan in ce daidai ne. Sai na lura ba tambayata ta yi ba, Rienk. Faɗa mini ta yi. Na rufe bakina, na yanka mata burodin sukari. Ta ci yanka biyu a tsaye, ta ce ya bushe, wai tsoho ko burodi bai iya ajiyewa ba. Sannan ta je rumfa ta kwashi kayanta.

Ban ga hawanta ba. Baukje ce ta hau ganuwa ta dawo ta ce mini ta wuce alamar, ta juyo, ta sake komawa.

Ba na jin za ta ƙara cewa "Pake, yau wanne?" Ni na zubar da wannan da hannuna. Amma tana kan ruwa.

Ka leƙa mini ɗaki na tara ka ga ko akwai bishiya a tagarsa. Kuma in na zo, kada ka faɗa wa kowa wai na iya karanta iska.

Ka huta lafiya.

Tsohon abokinka,
Tjibbe Algra