Jijiyar Baban Kolo

Diffa, watan Shawwal

Zuwa ga Yaya Meram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ciwon idon naki?

Na ji an ce motoci za su maida mutanen Baroua gida kafin damina, kuma kina cikin masu tafiya. Mu dai ba za mu bi wannan tafiyar ba. Maigidana, Baban Kolo, ya ji ciwo. Kin san shi da ƙwallon safiyar Lahadi, shi da tsofaffin garinmu a filin bayan makaranta. Ya miƙa ƙafa zai tare ƙwallo, sai ya ji tas a bayan cinya, ya faɗi. Jijiya ce ta tsinke daga jikin ƙashi, wajen mazauni, ki gafarce ni. An ɗinke ta a Damagaram.

Zama ma a gefe guda yake yi. Salla a kishingiɗe. Na aika an tambayi liman, ya ce ta yi.

Ya ce ba zai taka Baroua ba sai ya iya gudu. Ban yi masa musu ba. Ke kin fi kowa sanin dalili. Ranar da aka kawo hari muka fito da gudu, mijinki Grema da ciwon gwiwarsa bai kai bakin hanya ba. Allah Ya jiƙansa. Ba don in tayar miki na rubuta ba, don ki san ba ƙin gida muka yi ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Bintu

Diffa, watan Rabi'us Sani

Yaya Meram,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya aikin tattasai? Busasshen kifin ya iso, Allah Ya saka da alheri.

Baban Kolo ya ajiye sandunan dogarawa. Yana zuwa asibiti wajen mai motsa gaɓoɓi, wanda suke kira kine. A ƙasa yake zuwa, tunda babur har yau an hana. Kine ya koya mini wani aiki da muke yi a gida kullum da hantsi: ya durƙusa a tabarma, ni in danne masa idon sawu da hannu biyu, shi kuma ya yi ta sunkuyowa gaba a hankali har cinyar ta gaza, ya tare ƙasa da tafi. In na saki da wuri zai iya sake jin ciwo, don haka ba na saki.

Kine ya faɗa masa gaskiya. Tafiya zai yi, noma zai yi, har ɗan sassarfa. Amma gudu irin na da, kada ya sa rai. Da ya dawo ya ba ni labari, na ce to. Na ɗora sanwa.

Ran Talata muna cikin aikin sai harbi ya tashi ta wajen gadar kogin Komadugu. Maƙwabta suka watse, wata har ta bar ƙofa a buɗe. Ya ce in sake shi in gudu, in tari Kolo a kasuwa. Yaya, na duba zuciyata ban sami tsoro ba. Ban sami komai ba ma, Allah Ya yafe mini. Hannuna ne dai bai saki ba. Ya waiwayo ya daɗe yana dubana, sannan ya sake sunkuyawa. Muka ƙarasa aikinmu. Harbin ya yi ya gama.

Bayan la'asar ya ce tunda ni ma ba gudun zan yi ba, bai ga me muke jira ba.

Muna tafe da motar kasuwa, in Allah Ya yarda. Ki sa a duba rufin ɗakinmu. In da sauran yashi mai laushi a tsakar gida, a bar shi, nan zan shimfiɗa masa tabarmar.

Wassalam.

Taki,
Bintu