Katakon da Ke Tafiya da Kansa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, Ya raba ki da hawa bene. Mu nan duk lafiya lau. Uwar yara ta warke daga murar da ta kwantar da ita, har ta koma yi mini faɗa, wanda shi ne alamar lafiyarta. Babbar 'yarki ta shiga aji na ƙarshe, Auta kuma haƙoransa biyu na gaba sun fita, yanzu sai an roƙe shi yake dariya.

Na ji an kai miki labarin wai an kore ni daga aiki, kuma wai mutum-mutumi ne ya ƙwace mini kujera. Na san bakin da ya kai, don Kawu ba ya iya riƙe magana ta kwana a cikinsa. Ba a kore ni ba, amma saura ƙiris, kuma laifin ba na na'ura ba ne, nawa ne. Gara ki ji daga bakina.

Kin san shekara ashirin da biyu ina ɗakin gwaji na sashen injiniya, ina nuna wa ɗalibai yadda ake riƙe zarto ba a rasa yatsa ba. To bara aka kawo sabon tsari. An kafa wani hannun ƙarfe a kan tebur, da kyamara a samansa. Ɗalibi yana can garinsu, ko cikin ɗakin uwarsa ma, zai rubuta umarni a kwamfuta ya turo ta intanet, hannun ya motsa, shi kuma yana kallo a allonsa. Minti ashirin ake ba kowa. Aikin da ake so shi ne hannun ya ɗauki wani ɗan jan katako daga kan alamar da aka zana, ya sa a cikin kofi. Muna ce wa hannun Ango, don ba ya taɓuka komai sai an shirya masa. Ni ne mai shiryawar. In katakon ya faɗi in sunkuya in ɗauko, in mayar kan alama, in danna koren maɓalli. Ɗaliban ko fuskarsu ban sani ba, lamba kawai nake gani.

Yaya, kin san zuciyata ba ta da ƙashi. Sai in ga Ango ya taho a hankali, ya buɗe yatsunsa, ni kuma daga inda nake na riga na san zai kuskure katakon da faɗin ɗan yatsa. Sai in tuna akwai ɗan wani a can ya ƙura wa allo ido, mintocinsa suna ƙarewa. Ran farko da rula na ɗan tura katakon ya tari hannun. Ango ya cafke, ya sa a kofi, allo ya nuna an ci. Daɗin da na ji ranar ba a magana. Daga nan na samo wata siririyar waya, na shafa mata fenti ruwan toka irin na teburin don kada kyamara ta gan ta. Wata huɗu ina wannan aikin alheri, ba wanda ya faɗi ko mutum ɗaya.

Abin da ya tona ni, ƙoƙarin wani ɗalibi ne. Wannan bawan Allah ya zauna ya kalli bidiyon gwajinsa a hankali, ya rubuto rahoto shafi huɗu, har da zane da lissafi, yana bayanin cewa katakon yana matsawa da kansa ya tari hannun, kuma a ganinsa girgizar injin ce ke jawo haka. Shugabar sashenmu, mace ce mai magana a hankali wadda ba ta barin abu sai ta ga ƙarshensa, ta sauko da kanta. Ta sa aka auna teburin ko ya karkace, aka ɗaure ƙafafunsa, aka rufe taga saboda iska. Ni ma ina cikin masu aunawa, har ina ba da shawara. Kwana uku muna wannan bincike, sannan ta kira ni ofis ta kunna mini bidiyo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ita dai a iya karatunta ba ta taɓa ganin girgizar da ke tura katako hagu ga mai kuskuren hagu, ta tura shi dama ga mai kuskuren dama ba. Sannan ta tsayar da hoton daidai inda babban yatsana ya leƙo a gefe, da tabon nan na ƙunar da na yi muna yara.

Ban yi musu ba, ina zan kai yatsan? Na ce tausayi ne. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta rubuta takardar korata ba tukuna. Amma ta tambaye ni, ran da ɗaya daga cikin yaran nan zai saita injin ɗaga kaya a masana'anta, mutane na tsaye a ƙasa, wa zai laɓe da waya ya gyara masa kuskuren. Wallahi maganar nan ta shige ni, na rasa inda zan sa idona. Ta ce ɗalibai sittin za su sake gwajin, kuma in katakon ya ƙara motsi sau ɗaya ba Ango ne ya motsa shi ba, in kwashe kofin shayina in tafi gida.

Ranar da aka fara sake gwajin ta jawo kujera ta zauna a bayana. Ni kuma na zauna a kan tafukan hannuna, don ban yarda da su ba. Da yawa sun ci, wasu sun faɗi, na daure. Sai lamba sha bakwai ta shigo. Ango ya taho, ya bangaji katakon ya faɗi ƙasa. Na ɗauko na mayar. Ya sake bangaza. Sau goma sha ɗaya, Yaya, kuma kowane karo ɗan kuskuren bai fi a hura masa iska ya gyaru ba. Har na kama kaina na tara iska a baki, shugaba ta yi gyaran murya, na haɗiye abata. Minti ashirin suka cika, allo ya nuna ja. Shugaba ta tashi ta ce aikina yana nan. Na koma gida da aikina da ciwon baya, amma raina a ɓace, ko abinci ban iya ci ba. Uwar yara ta ce ita ba ta taɓa ganin wanda aka bar wa aikinsa ya dawo yana zaman makoki ba.

Bayan kwana uku lamba sha bakwai ta sake karɓar lokaci. Na ajiye katakon, na danna maɓalli, na juya baya don ba zan iya kallo ba. Ƙarar faɗawarsa cikin kofi kawai na ji, a karo na farko. Akwai ɗan gurbi a allon inda ɗalibi ke rubuta ƙorafi in yana da shi, sai na ga rubutu ya fito. Ashe yarinya ce. Ta ce tana gode wa ko wane ne ya yi ta sunkuyawa sau goma sha ɗaya yana mayar da katakon daidai kan alama, don da ta ga kullum a wuri ɗaya yake, kuma kullum ta gefe ɗaya take kuskure, sai ta gane gyaran a lissafinta yake, ta nemo shi. Ta ce Allah Ya saka masa, Ya ba shi lafiyar baya. Wata huɗu ina tura wa mutum sittin katako ba wanda ya san ya yi kuskure, balle ya gode, sai wadda na bari ta faɗi. Na daɗe zaune a gaban allon, sai da ɗalibi na gaba ya yi ta jira kafin na tuna ban danna masa maɓalli ba.

Ki gaishe mini da maigidan, da Goggo in kin je duba ta, da amaryar ɗanki, da 'yan biyu. Uwar yara da 'ya'yanki duk suna gaishe ki. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Gajere