Ka Gudu Kafin Falmata Ta Shirya

Zuwa ga Buba, abokina kuma abokin gabata,

Bayan gaisuwa, Allah ya haskaka kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Shi ya sa ma na rubuta. Yau dai zan kai ƙarshen magana ba ka katse ni ba.

Mai shayinmu na Tudun Wada yana nan, bencinka yana nan, keken ɗinkina yana nan yana tari irin naka.

Tun muna samari kake kayar da ni a musu. Kai Bafulatani, ni Babarbare, wasa ne tsakaninmu, ba ni da ikon fushi, kai kuwa ka fake a nan kana yanka ni. Ka tuna ranar sunan 'yata Falmata? A gaban surukaina ka tsayar da ni in kare cewa doki ya fi saniya. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai haƙora. Ni da na yi sallama da boko a firamare, amsa ba ta zuwa mini sai washegari, ina tsakiyar kafa wuyan riga.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba: jaririyar nan, don kai na rene ta. Da aka buɗe ƙungiyar muhawara a makarantarsu, ni na kai ta da kaina. Malamarsu ta koya musu su saurari abokin karawa har ya gama, su maimaita hujjarsa, sannan su karya ta. Kuma akwai ƙararrawa, Buba. In ta kaɗa, ko ɗan waye sai ya zauna. Ina ƙararrawar nan take duk shekarun da ka yi kana cin rabona na magana?

A kaina ta fara gwaji, ta kayar da ni a musun sukari, yanzu shayina ba sukari. Na shirya in kawo maka ita bayan Sallah, sai ka kwanta ka mutu. Wannan ba gudu ba ne?

To, an sa gasar makarantu, kuma Falmata za ta kara da Hajara, 'yarka. Har sabuwar riga na ɗinka wa kaina. Sai na je Barunde gaida iyalinka, na tarar tun rasuwarka yarinyar ba ta son magana, wai janyewa za ta yi. Ban yarda ba. In ta janye, a kan wa zan rama?

Yanzu kullum bayan la'asar nakan rufe shago in je in zauna kan tabarmarka, in ce wa Hajara doki ya fi saniya. Da fari ko kallona ba ta yi. Jiya ta ɗaga gira irin taka, ta katse ni, ta yi kaca-kaca da ni a gaban uwarta. Na fito zaure ina share ido. Hayaƙin murhunku ne, kada ka ɗauka wani abu.

Ranar Asabar ne gasar. In Falmata ta ci, zan zo maƙabarta in ba ka labari dalla-dalla, ba ka da bakin musu. In Hajara ta ci, ka sani ni na horar da ita. Ta ko'ina aka bi, na kayar da kai.

Sai na iso. Ka tanadi hujja, ni ma wannan karon ina da lokacin shiri.

Maigidanka har gobe,
Modu Tela